Gini da Itace a Fili Ɗaya: Tambayoyin da Masu Gini a Yamai Suka Fi Yi

Wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Yamai ya san darajar inuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum. Duk da haka, a unguwannin da gini ke ci yanzu, daga Bobiyel zuwa Kwara Tegi har Saga, za ka ga mutum ya sayi fili da gawo ko dogon yaro a ciki, ya ce wannan kam ba za a sare ba, kuma ba a sare ɗin ba, amma bayan shekara biyu ko uku itacen ya bushe a tsaye. Yawancin itatuwan da gini ke kashewa gatari bai taɓa su ba. A ƙarƙashin ƙasa ake kashe su. Ga tambayoyin da suka fi zuwa a kan wannan, da amsoshinsu.

Malam, na sayi fili da itatuwa uku a ciki. Yaushe zan fara tunanin kare su?

Kafin a zana taswirar gidan. In harsashi ya riga ya fita, an makara da rabi. Ka kai mai zanen har filin, ya ga itatuwan da idonsa, ya sa su a takarda kamar yadda zai sa ɗaki da masai. Sau da yawa matsar da ɗaki da mita biyu, ko juya ƙofar shiga zuwa ɗaya gefen, shi ne kaɗai abin da ake bukata.

Kuma ba dole ne ka riƙe duka ukun ba. Ka zaɓi mai lafiya, wanda gara ba ta ci cikinsa ba, wanda bai karkata ba. In akwai wanda yake yamma da inda ɗakunan kwana za su zauna, shi ne na farko a gurina, domin ranar la'asar ce ke gasa bango, bangon kuma ya kwana yana mayar da zafin cikin ɗaki. Itace ɗaya da aka kare da gaske ya fi uku da aka bari rabi da rabi.

Ai babu wanda zai taɓa itacen. To me zai kashe shi?

Nan ne yawancin mutane ke kuskure. Ana zaton saiwar itace ƙasa take nufa kai tsaye, can cikin zurfi inda diga ba ta kaiwa. Gaskiya ne wasu itatuwanmu, musamman gawo, suna da uwar saiwa mai nutsewa mita da yawa don neman ruwa. Amma ƙananan saiwoyin da ke shan ruwan sama da abinci, mafi yawansu suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, shimfiɗe kamar tabarma, kuma suna wuce iyakar inuwar itacen nesa, wani lokaci ninki biyu ko uku na faɗin rassansa.

Waɗannan saiwoyi numfashi suke yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan kafofi da iska da ruwa ke bi. In kamiyon rairai ko na tsakuwa ya taka wurin, kafofin sun toshe, kuma mafi yawan ɓarnar a takun farko-farko take faruwa, ba sai an yi wata ana bi ba. Haka in aka jibge bulo ɗari biyar a gindin itacen, ko leburori suka mai da wurin hanyar baro. Ƙasar ta daddale, ruwan sama ya sauka ya gudu bai shiga ba, saiwoyin su shaƙe.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne babban itace ba ya mutuwa nan take. Yana da abincin da ya tara a jikinsa, yana ci a hankali. Sai an tare a gida, an yi walima, an manta da magina, sannan ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama su fara bushewa. A lokacin sai a ce gara ce, ko tsufa ne. Garar ta zo ne bayan itacen ya riga ya raunana.

Nawa ne filin da zan bar masa?

Samu igiya. Ka zagaya jikin itacen da ita daidai ƙirjinka, ka ɗaure alama. Wannan tsawon ka ninka shi huɗu, ka auna daga gindi zuwa kowane gefe, ka ja da'ira a ƙasa. Masana itatuwa a Ingila suna cewa a ninka kaurin jikin itacen sau 12, a auna shi a tsayin mita ɗaya da rabi. In ka mai da lissafin kan zagaye, kusan ninki huɗu ke nan, kuma igiya ta fi sauƙin samu. Itacen da zagayensa mita ɗaya ne yana son mita huɗu a kowane gefe. Cikin wannan da'ira ba haƙa, ba tuƙi, ba jibga kaya, ba wuta.

Filina mita 20 ne a kan 20. In na bi wannan lissafi ina zan yi gini?

Tambaya ce ta gaskiya, Alhaji. Da'irar mita huɗu tana cin murabba'in mita 50, wato kashi ɗaya cikin takwas na filinka, kuma wannan tsakar gida ce da dama za ka bari. Amma tsohon dogon yaro mai zagayen mita biyu zai nemi rabin filin, ba kowa zai iya ba.

In dole ne a shiga da'irar, a shiga ta gefe ɗaya kawai, a bar sauran gefunan uku lafiya. Kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa: kada rami ya matso gindi fiye da ninki ɗaya da rabi na tsawon igiyar nan. Kusa da haka manyan saiwoyin da ke riƙe itacen a tsaye ake yankewa. Kowa ya san iskar da ke zuwa daga gabas gabanin ruwan farko a Mayu da Yuni. Itacen da aka yanke wa ƙafa ta gefen ɗaki, a kan ɗakin zai kwanta. In ginin ba zai yiwu ba sai an ƙetare wannan iyaka, gara a nemi izini a cire itacen tun farko da a bar shi tsaye bisa kan iyali.

Da me zan kewaye shi?

Da abin da ba a ɗagawa da hannu ɗaya. Tsofaffin kwanon rufi da sanduna daga kasuwar Katako sun isa, ko waya mai raga, ko zana da aka kafe da kyau. Igiya ko jerin duwatsu ba sa aiki, ran farko za a tsallake su. A kafa shingen a kan da'irar, ba a jikin itacen ba, kuma a kafa shi kafin kamiyon farko ya shigo. Cikin shingen a zuba busasshen ganye, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu huɗu, amma kada ya taɓa jikin itacen saboda gara.

Maginina ya ce a inuwar za su kwaɓa siminti su buga bulo, ba za su iya aiki cikin rana ba. Me zan ce masa?

Ka fara da yarda cewa yana da gaskiya. Mutumin da ke ɗaukar bulo tun safe har azahar a watan Afrilu yana da haƙƙin inuwa. In ka hana shi ta itacen ba ka ba shi wata ba, da ka juya baya zai koma, kuma ba zan ga laifinsa sosai ba. Saboda haka ka kafa musu rumfa a ɗaya gefen filin, ta zana ko ta buhu, ka ajiye tanon ruwa a can. Inda ruwa da inuwa suke, can aiki zai tafi da kansa.

Dalilin hanin kuwa shi ne ruwan siminti. Duk leburan da ya daɗe a aikin zai nuna maka yadda yake cin tafin hannu da tsakanin yatsun ƙafa. A ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko abu mai tsami ne ko mai kaifi irin na kanwa, ɗanyen siminti yana kai 12 zuwa 13, alhali yawancin itatuwa ƙasa mai 6 zuwa 7 suke so. Kullum da yamma ana wanke shebur da baro da bokiti, a sheƙa ruwan a gindin itace, har wani ya ɗauka taimakonsa yake yi da ban ruwa. Wannan ruwa yana ƙona ƙananan saiwoyi, sannan ya bar ɓawon siminti a saman ƙasa da ruwan sama ba ya hudawa. Haka ragowar fenti, da kananzir, da baƙin man injin buga bulo.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke taruwa su zama babba: ƙusa da ake bugawa don rataya riga, wayar da ake ɗaurawa a jikin itace don miƙe ƙarfe a manta da ita har ta nutse cikin ɓawo, da ƙona buhunan siminti ko wutar shayin mai gadi a ƙarƙashin rassa. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. In ɓawon ya yanke ya zagaye jikin gaba ɗaya, yawancin itatuwa sun tafi ke nan. Kuka ce kaɗai na sani da ke jure wannan, ita takan mayar da ɓawonta.

Ka faɗi waɗannan sharuɗɗa tun ranar ciniki, a gaban shaida, ka kuma gaya wa mai gadi da direbobin kamiyo da bakinka. Direban rairai bai ji abin da ka gaya wa magini ba.

Harsashin katanga ya faɗa kan saiwa. A sare ta?

A dakata tukuna. Kusa da itace a yi haƙa da hannu, a hankali, ba da katafila ba, domin katafila ba yanka take yi ba, fizga take yi, ta tsage saiwar har can kusa da gindi. Ƙananan saiwoyi da ba su kai kaurin babban yatsa ba, a yanke su da zarto ko wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya mai kyau. Wadda ta kai kaurin wuyan hannu kuwa, a nemi hanyar tsallake ta: a kafa ginshiƙi a kowane gefenta, a ɗora kankare mai ƙarfe a kai, katangar ta hau bisa, saiwar ta wuce ta ƙasa da ɗan sarari don kaurin da za ta ƙara. Duk maginin da ya iya ɗora kankare bisa ƙofa ya iya wannan.

Bututun pampo da wayar lantarki sun fi sauƙi, a huda ƙasa a zura su ta ƙarƙashin saiwar. Kuma kada a bar saiwa a buɗe rana na dukanta. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a mayar da ƙasa da wuri.

Ramin masai da na ruwan wanka a kai su nesa da da'irar. Haƙarsu tana da zurfi da faɗi, kuma daga baya saiwoyi za su bi danshi su nemi shiga.

Unguwarmu ruwa na kwanciya. Ina so in yi ciko da jar ƙasa in ɗaga filin. Zai cutar da mangwaron da ke ciki?

Zai iya kashe shi, Hajiya. Tun ambaliyar 2020, da kogin Isa ya cika ya shiga Harobanda da Saga, sannan ruwan 2024, mutane da yawa ba sa gini sai sun ɗaga fili, kuma suna da hujja. Sai dai jar ƙasar da aka zuba aka daddale bisa saiwoyi tana hana su iska, ko da kaurinta bai wuce taƙin hannu ɗaya ba. In kuma ta hau jikin itacen, ɓawon da ya saba da iska ya zauna cikin danshi ya ruɓe, gara ta samu ƙofa.

Abin da za a yi shi ne a ɗaga inda ɗakuna za su zauna, a bar da'irar itacen a matsayinta na asali, a gina mata ɗan ƙaramin bango ya riƙe cikon. Amma a fitar wa wurin hanyar ruwa, domin in ya zama tafki a watan Agusta, saiwa ta nutse cikin ruwa kwanaki, ita ma mutuwa ce. In ba makawa sai an zuba wani abu cikin da'irar, a zuba rairai ko tsakuwa kaɗan, kada a daddale, kuma wuyan itacen, inda jiki ke buɗewa ya zama saiwa, ya kasance a fili ana ganinsa.

Zan iya shafe tsakar gidan da siminti in bar masa ɗan rami a gindi?

Ɗan ramin nan mai faɗin faranti da ake bari, ba inda itacen ke sha ba ne. Yana sha ne can wajen bakin inuwarsa. A bar da'irar da rairai, wanda dama shi ya fi daɗin shimfiɗa tabarma da daddare, ko a jera fale-falen da ke da tsaga a tsakaninsu bisa rairai, ba bisa kankare ba. Ƙari a kan haka, daɓen siminti yana riƙe zafin rana har tsakar dare.

An ce saiwa na fasa gini. Ba gara in rabu da shi tun yanzu ba?

Ya danganta da itacen da kuma ƙasar. Cediya da durumi da gamji suna da saiwoyi masu ƙarfi a saman ƙasa, suna ɗaga daɓe da katanga in sun yi kusa, kuma suna bin bututun da ke yoyo. Itacen turare mai shan ruwa ne ƙwarai. Waɗannan suna son nisa. A ƙasar laka ta fadama, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, itace kusa da bango na iya ƙara motsin ƙasar. A ƙasar rairai da marmara ta tudu, wadda ita ce yawancin Yamai, wannan matsala ba ta da yawa.

Dabino da giginya da goriba ba su da manyan saiwoyi masu kauri, nasu sirara ne masu yawa, ba sa ture bango. Rauninsu a ka yake. Giginya ko dabino in aka lalata zuciyar da sabon ganye ke fitowa, shi ke nan. Kuma a tuna 'ya'yan giginya suna da nauyi, kada a sa ɗakin kwano ko wurin wasan yara a ƙarƙashinta.

Tsagewar bango da yawa da ake ɗora wa itace, in an bincika, harsashi ne bai yi zurfi ba, ko an rage siminti da ƙarfe.

Rassa sun tare inda bene zai hau. Yaya za a yanke?

Kafin aiki ya kai wurin, ba ranar da kamiyo ya karya su ba. Babban reshe a yanka uku ake sauke shi: a fara ɗan yanka ta ƙasa, nesa da jiki kaɗan, sai a yanke ta sama gaba da wannan har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke haɗa reshe da jiki, ba tare da an taɓa kumburin ba. Ta haka ɓawo ba ya ɓarewa ya bi jikin. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara ɗaya, kada kuma a yi masa aski ƙwal, musamman itacen da aka riga aka taɓa saiwarsa.

Baƙin mai da ake shafawa a wurin yanka ba magani ba ne, guba ne ga naman itacen. A bar wurin a buɗe ya bushe, itacen zai rufe abinsa. Reshen da ke kusa da wayar lantarki kuwa, kada kowa ya hau, a sanar da kamfanin lantarki, NIGELEC.

Tsohon itace ma sai an ba shi ruwa?

Wanda ba a taɓa ba, a'a. Wanda ya rasa wasu saiwoyinsa, e, daga Maris har ruwa ya sauka sosai, kuma a rani biyu ko uku na bayan ginin. Ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya fi ɗan yayyafi kullum. A yi ɗan kwari a bakin inuwar, mai garuwa ya juye jarkokinsa a can da yamma, su nutse a hankali. Kada a zuba takin zamani da sunan ƙarfafa shi. Ruɓaɓɓen takin dabbobi kaɗan a sama ya isa.

Filina ne, da takarduna. Ina ruwan hukuma da itacen ciki?

Akwai ruwanta. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta tanadi kariya ga wasu nau'o'in itatuwa, kuma gawo, kuka, tsamiya, giginya, goriba, aduwa, ɗorawa, kaɗanya da maɗaci suna cikin waɗanda aka daɗe ana karewa a ƙasar nan. Sare su ba da izini ba yana jawo tara. Kafin ka kira mai gatari, ka je ofishin muhalli da gandun daji mafi kusa da kai ka tambaya. Itacen da ke bakin titi a ƙofar gidanka kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, maganarsa sai da ma'aikatar magajin gari.

Ni dai ina ganin dokar nan ta cancanci a bi ta ko babu mai tsaro. Shingen dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kare Yamai daga iska da ƙura, yankan filaye ya riga ya cinye babban ɓangarensa. Tun 1975 muke dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, amma ɗan dashen da ke cikin leda sai ya yi shekaru masu yawa, in ya tsira daga awaki da rani, kafin mutum ya zauna a inuwarsa. Wanda ke tsaye a filinka ya riga ya ci wannan jarrabawa.

Mahaifiyata ta ce tsamiya a cikin gida ba kyau, akwai iskoki. Maƙwabci kuma yana tsoron ɓarawo ya bi reshe.

Maganar iskoki ta malamai ce, ku zauna da Inna da malamin da ta yarda da shi, cikin ladabi, kafin a yanke hukunci. Abin da zan ƙara shi ne tsamiya tana cikin masu jinkirin girma, wadda kuka tarar babba wataƙila ta girmi duk wanda ke gidan, kuma tana cikin waɗanda doka ta kare. Damuwar maƙwabci tana da sauƙin magani: a cire reshen da ya hau katanga kamar yadda aka bayyana a sama, a bar itacen. Ka je ka same shi tun bai kawo ƙara ba.

Za a iya tone shi a mai da shi wani gefe?

Ƙarami, wanda bai wuce tsayin mutum sosai ba, ana iyawa a tsakiyar damina, a ɗauko shi da ƙasarsa. Dabino yana jure ƙaura ko da ya girma. Babban gawo ko tsamiya ko mangwaro, kada a wahalar da kai.

An gama gini. Ta yaya zan gane itacen ya tsira?

Ka sa masa ido shekara uku zuwa biyar. Alamun wahala su ne ganye ƙanana ko masu rawaya, rassan can sama suna bushewa daga baki, tohon da ke fitowa cunkus a jikin itacen ko a gindi, ɓawo na ɓarewa, da hanyar gara tana hawa. In ka ga haka da wuri, a sassauta ƙasar da ta daddale ta hanyar huda ramuka da ƙarfe nan da can cikin da'irar, a cika su da rairai da taki, a ci gaba da ban ruwa.

Ka san halin itacenka kafin ka yanke masa hukunci. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya fayau lokacin da komai ke kore, sai kaka ya toho. Kuka kuma da rani take tsiraita. Ka ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in ƙarƙashinsa kore ne da danshi, da ransa.

Alamar da ba a jira a kanta ita ce karkata. In itacen ya soma jingina gefe ɗaya bayan gini, ko ƙasa ta tsage ta ɗago a gindinsa ta ɗaya gefen, ko wani babban reshe ya tsage daga jiki, a janye shimfiɗar yara daga wurin a ranar, a kira ma'aikatan gandun daji su duba kafin iskar farkon damina.